Farin Gurbi a Taswirar Doña Eufemia

ƘUNGIYAR MASU TSARON SHAHO TA ƘAUYUKAN EL YAGRUMAL

Zuwa ga iyalan marigayiya, da 'ya'yan ƙungiya, da jama'a baki ɗaya.

Cikin alhini mai nauyi, da zuciyar da har yanzu ba ta gama yarda ba, Ƙungiyar Masu Tsaron Shaho ta Ƙauyukan El Yagrumal ke sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar uwarta, wadda ta kafa ta, ta kuma shugabance ta shekara goma sha huɗu, dattijuwar arziki, ungozomar ƙauyuka bakwai, Doña Eufemia Polanco de Paredes, wadda babba da yaro suka fi sani da Mamá Fema, wadda Allah ya karɓi ranta da hantsin ranar Litinin, biyar ga watan Mayu, a kan hanyar da ke gangarowa daga tudun Loma Brava, tana da shekara sittin da takwas a duniya. An yi jana'izarta washegari Talata a maƙabartar gari, bayan addu'a a cocin da ya kasa ɗaukar rabin waɗanda suka zo.

A madadin kwamitin zartarwa, da dattawan ƙungiya, da iyalai talatin da takwas masu riƙon sheƙa, wato waɗanda kowannensu ke kula da sheƙar shaho guda, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta na shekara arba'in da shida, dattijo mai haƙuri Don Leoncio Paredes, da 'yarta kuma abokiyar aikinta Yocasta Paredes Polanco, da 'ya'yanta maza biyu da suka taso daga babban birni, da jikokinta tara, da kuma ɗaruruwan mutanen da hannunta ne ya fara taɓa su ranar da suka zo duniya, waɗanda a cikinsu akwai direbobi da malamai da 'yan sanda, har da wasu da ke cin albashi yau a kamfanin fasa dutsen da ya hana ta sakat a shekararta ta ƙarshe.

Mun san wannan saƙo ya makara da kwana biyar, kuma mun ji abin da aka yi ta faɗa a shagunan bakin hanya da teburan wasan domino, wai ƙungiya ta yi shiru ne don an binne ta tare da mai ita. To, masu wannan magana su gyara zama. Mun jinkirta ne domin marigayiya ta bar aiki guda ɗaya bai ƙarasa ba, kuma kunya ba za ta bar mu mu fito muna jera mata kirari alhali aikin da ta faɗi a kan hanyarsa yana nan yadda ta bar shi ba. Ni da aka ɗora wa rubuta wannan takarda tsohon malamin makaranta ne, ban iya gajarta magana ba, kuma ba yau zan koya ba.

Shekara talatin Doña Eufemia ta yi tana karɓar haihuwa kafin a gina mana ɗakin shan magani, wani lokaci a kan alfadari, galibi a ƙafa, cikin laka da kaifin duwatsun nan namu masu yaga takalmi. Babu gonar gwaza, babu bukkar da ke maƙale a bayan tudu, da ba ta san hanyarta ba. Kuma kamar yadda muka gada, kafin a kai jariri coci sai an zuba masa ruwa a gida, wani ya riƙe, wani ya zuba, daga ranar nan kuwa mutanen sun zama kompadre da komadre: ba zagi a tsakaninsu, ba rigima, ba cin amana, kuma abin da ya sami yaron ya sami wanda ya riƙe shi. Rabin garin nan komadre suke ce mata. Ta san nauyin wannan kalma fiye da kowa, kuma da ita ta yi aikin da ya gagari masu digiri.

Ba sai mun ɓoye ba, mu mutanen nan maƙiyan shaho ne tun kaka da kakanni. Wanda ya harbo shi yakan rataye gawar a kan shinge don 'yan'uwansa su gani su ji tsoro. Shekara goma sha huɗu da suka wuce wasu masu bincike suka zo daga babban birni suka ce mana wannan ƙaramin shaho mai jan kafaɗa babu irinsa a ko'ina a duniya sai a tsibirin nan, kuma 'yan ɗaruruwa ne suka rage. Muka yi musu dariya. Suka nemi wanda ya san daji, aka nuna musu Mamá Fema. Ta bi su don ta nuna musu hanya kawai, sai a rana ta uku suka sauko da ɗan shaho daga kan palma, doguwar bishiyar nan mai kama da dabino, ta ga jikinsa duk ƙuraje, kowane ƙurji da tsutsar ƙuda a ciki tana cinsa da ransa. Ta karɓe shi daga hannun mai binciken ta ce, "Kawo nan, ɗana, da gani ba ka taɓa riƙe jariri ba." Shekara biyu suka yi suka tattara suka koma. Ita ba ta je ko'ina ba.

Ni mai sa hannu a ƙasan wannan takarda ni ne na farko da ya faɗa tarkonta, kuma ba na jin kunyar faɗa. Akwai sheƙa a palmar da ke bayan gonar kokona, ni kuwa na riga na sayo harsashi saboda ita. Sai ga Doña Eufemia da safe, ita da Yocasta, wadda ita ce mai hawa. Yocasta ta ɗaura igiya ta hau, ta sauko da ɗan tsuntsun a jaka. Ina tsaye ina jiran su gama su ba ni wuri, sai marigayiya ta kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan ta ce, "Profe, ɗan riƙe min nan, hannuna biyu ne kacal." Na riƙe. Ta cire tsutsa bakwai, ta shafa magani, ta sa masa zobe a ƙafa, kafin in ankara ta zaro kwalbar ruwa daga jakarta ta tsiyaya masa a ka, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Barka da arziki, kompadre." Na ce, "Haba Fema, tsuntsu ne fa!" Ta ce, "Da ka riƙe shi ba ka san tsuntsu ba ne? Sai ka je ka harbe ɗan da ka riƙe, mu ga da wane ido za ka shiga coci ran Lahadi." Harsashin nan yana cikin akwatina har yau, ya yi tsatsa. Da labari ya kai kunnen Fada ya kira ta ya ce baftisma ba ta tsuntsaye ba ce, sai ta ce masa, "Fada, ruwan rafi ne, ban taɓa naku ba." Bayan shekara biyu shi ma ya riƙe ɗan shahon da ke sheƙar bayan coci.

Masu ganin wasa ne, bari mu faɗa musu yadda ake zana irin wannan taswira. Daga Janairu zuwa Yuni, kafin rana ta ɗaga ta riga ta sha kofinta ta kama hanya, da madubin hangen nesa a wuya, da fensir ɗaure da zare, da 'yar na'urar karanta wuri da masu binciken suka bar mata, wadda ta saƙa wa jaka don kada ruwa ya taɓa ta. Takan zauna a kan tudu awa uku ba motsi tana jiran kukan namijin. In ya wuce da abinci a ƙafa ta bi shi da ido ta lura da inda ya sauka, washegari ta zagaya wani tudun ta sake dubawa, inda layukan biyu suka haɗu can za ta dosa da adda tana sare ciyayi. Ta san shahon nan malalacin magini ne, a kan tarin tsinken da ƙananan tsuntsaye suka gina a kan palma yake ɗora tasa sheƙar, don haka duk palmar da ta ga tarin tsinke sai ta tsaya ta ɗaga kai. Wata sheƙar kwana biyu take ci mata, wata kuwa sai da ta ci shekara biyu da takalmi uku.

Haka ta bi gona-gona, tudu-tudu, har ta haɗa taswirar da yau masana ke tasowa daga nesa su kalla a bangon falonta: sheƙa talatin da takwas, kowace da sunan mai riƙonta, da shekarar da aka fara ganinta, da yawan 'ya'yan da suka tashi daga cikinta, da iyakar inda iyayen ke farautar ƙadangaru da macizai da ɓeraye. Ba ta taɓa yi wa manomi ƙarya ba. In an ce mata shaho na ɗaukar 'yan tsaki takan ce, "Yana ɗauka mana, ɗan wa ne ba ya ɓarna? Ka yi wa kajinka rufi." Washegari sai ka ga Don Leoncio da waya da ƙusa ya zo yi maka. An sha goranta mata cewa tsohuwa ce marar takarda wadda ta tsaya a aji huɗu. Wani jami'i ya taɓa tambayarta a gaban mutane wace jami'a ta yi, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wadda ke ɗakin kakarka, ɗan Chela, inda na karɓi haihuwarka. Da ƙafa ka taho, sai da na juya ka." Bai sake tambaya ba.

Doka biyu ta kafa wa wannan taswira, kuma ba ta taɓa karya ko ɗaya ba. Ta farko, ba a buga ainihin lambobin wurin da sheƙa take, waɗanda na'urar nan ke nunawa, sai dai a zana da'ira mai faɗi. Dalili kuwa kowa ya sani. A shekara ta huɗu an buga lambobin wata sheƙa a cikin rahoto, da kyakkyawar niyya, a kan filin da wasu ke son sarewa. Kwana tara aka wayi gari palmar tana kwance a ƙasa, 'ya'ya biyu a mace cikin ganyenta, kuma har yau wai ba a san wanda ya yi ba. Doka ta biyu, ba ta ɗiga alama sai inda ta tsaya da ƙafarta ta ga sheƙa da idonta.

Wannan doka ta biyu ce ta kai mu inda muke. Bara wani kamfanin fasa dutse, wanda ba za mu ɓata takardar makoki da sunansa ba, ya nemi izinin cinye tudun Loma Brava ya mayar da shi siminti. Ya kawo rahoto mai shafi ɗari biyu da hotuna masu ƙyalli, wai masanansa sun duba ba su ga shaho a tudun ba. Sun duba kuwa! A watan Oktoba suka zo, lokacin da kowace sheƙa take wayam, suka tsaya a bakin titi da tsakar rana, gilashin mota a rufe don kada sanyi ya fita. Tamkar mutum ne ya leƙa filin faɗan zakaru ranar Talata, ranar da ba a faɗa, ya koma ya ce garin nan ba zakara. Amma da aka yi zaman farko a gaban hukuma, injiniyansu ko buɗe rahoton bai yi ba. Taswirarmu ya ɗaga sama, ya ɗora yatsa a tsakiyar Loma Brava ya ce, "Ranku ya daɗe, ga ta tsohuwar nan da kanta, ku duba, fari fat." Abin takaicin shi ne gaskiya ya faɗa, wurin fari ne.

Farin gurbin nan gonar Don Bienvenido Tavárez ce, wanda ake kira Venido, mai kiwon zakarun faɗa, mutumin da tun suna aji ɗaya a firamare shi da marigayiya ba su taɓa haɗuwa a hanya suka rabu ba su zagi juna ba. Ita tana ce masa tsohon zakara, shi yana ce mata uwar shaho. Shekara uku a jere tana hango namiji da mace suna sauka cikin gonarsa da ƙadangare a ƙafa, ta san akwai sheƙa kamar yadda ta san sunanta, amma ya ɗaure ƙofar shingensa da sarƙa ya rantse ba za ta taka masa gona ba. Kowa kuma ya san kamfanin ya yi masa tayin da ba a taɓa yi wa manomi a yankin nan ba. Hukuma ta yanke cewa ranar ashirin ga wannan wata za a yi zaman ƙarshe: ko mu kawo ainihin wurin sheƙa mai rai a cikin iyakar tudun, wadda jami'i zai je ya gani, ko a ba kamfani izini.

A nan dole mu faɗi laifinmu. Mu 'yan kwamiti, har da ni, mun same ta a gida muka roƙe ta ta ɗiga alama kawai a wurin, tunda dai tsuntsayen suna nan, ko ma sami abin jan lokaci. Ta bar mu muka gama, ta zuba mana kofi, sannan ta ce, "Kompadre, kai da ka koyar da yara shekara talatin, yau kai ne kake ce min in yi satar amsa? Ɗigo ɗaya na ƙarya in ya shiga, talatin da takwas ɗin nan duk sun zama ƙarya. Duk haihuwar da na karɓa a garin nan, ban taɓa ce wa uba namiji ne ba sai na gani." Muka shanye kofinmu muka fita, ba mai iya duban wani.

Ranar Litinin ɗin da ta rasu ta hau tudun zuwa ƙofarsa karo na tara. Abin da ya faru a ƙofar shingen daga bakin Don Bienvenido muka ji shi, a gaban shaidu, kuma mun gaskata shi. Ta ce masa, "Venido, saura mako biyu. Buɗe min in leƙa in fita, ko kajinka ba zan gaisar ba." Ya ce, "Uwar shaho, kin ga ƙofa a buɗe? Koma ki dafa wa Leoncio wake, bawan Allah ya rame kina yawon daji." Ta ce, "Gobe ma ina nan tafe, tsohon zakara, sai ka buɗe ko ka mutu." Ta juya, ta yi tafiyar da ba ta kai taku ɗari biyu ba, ta zauna a kan dutse kamar mai hutawa. Da ya ga zaman ya yi tsawo sai ya kwance sarƙar ya fito. Shi ya ɗora ta a kan alfadarinsa, ya tallafe ta da hannu ɗaya ya ja linzami da ɗaya har cikin gari, yana kiran sunanta ba ta amsawa. Likita ya ce zuciya ce.

Saboda haka ƙungiya ke jan kunnen matasan da aka ji suna maganar cinna wa akurkin Don Bienvenido wuta: ba wanda ya taɓa ta, kuma duk wanda ya ƙyasta ashana da sunan Mamá Fema ba ɗanta ba ne. Ku kuma masu bi gida-gida kuna raɗa wai shaho tsuntsun masifa ne, shi ya ci ta, mun san wanda ya aiko ku, mun kuma san ba don Allah kuke yi ba. Matar da ta kai sittin da takwas tana hawan tudun da ku 'yan talatin kuke haki a kansa, ba tsuntsu ne ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare.

Ranar jana'iza kamfanin ya aiko da furanni, ƙaton ɗauri wanda sai da mutum biyu suka sauko da shi daga mota, tare da wasiƙa mai daɗin baki, wai yana so ya gina cibiya da sunanta, ya kuma karɓi littattafanta na aiki ya adana wa 'yan baya. A cikin littattafan nan ne ainihin wurin kowace sheƙa yake. Don Leoncio, mutumin da shekara arba'in ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya karanta ya ninke ya mayar cikin ambulan, ya ce wa direban da ya kawo, "Kai ba ka da laifi, ɗan'uwa, zauna ka ci abinci. In ka ƙoshi ka mayar musu da kayansu, ka ce musu ba a ba kura ajiyar nama." Ƙungiya na goyon bayan wannan amsa ɗari bisa ɗari, tana kuma sanar da cewa littattafan ba sa gidan marigayiya, kada wani ya wahalar da kansa.

Ranar Alhamis da la'asar, ana cikin addu'ar kwana tara da ake yi wa mamaci, sai ga Don Bienvenido a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Mata suka katse addu'a, masu domino a tsakar gida suka ajiye. Bai shigo ba. Daga inda yake tsaye ya ce, "Leoncio, magana na zo faɗa, in na gama ka sa a kore ni in ka ga dama. Sheƙar tana nan. Shekara huɗu tana nan, kullum da safe ina shan kofi ina kallon su, ko tsinke ban taɓa jifan su da shi ba. Na hana ta shiga ne don na san halinta. Tana shiga za ta ce ɗan riƙe min nan, ni kuwa ina riƙewa shi ke nan, gona ta fi ƙarfin sayarwa. Gwiwoyina sun ƙare, yarana sun dame ni in sayar in koma wurinsu a birni. Kuma in na zama kompadrenta, to da wa zan riƙa faɗa?" Don Leoncio ya tashi ya jawo kujera ya ce, "Shigo ka zauna, Venido, rana ta yi maka yawa."

Jiya Juma'a da sassafe muka hau, mu ashirin da wani abu, muka tarar babu sarƙa a ƙofar. Yocasta, wadda kwana uku ke nan da binne mahaifiyarta, ta ɗaura igiyarta ta hau palmar, uwar tsuntsayen na kawo mata hari tana kururuwa, ta sauko da 'ya'ya biyu. Ɗayan lafiyayye ne, ɗayar kuwa, mace, tsutsa goma sha ɗaya aka cire mata, da an ƙara mako guda da ba ta kai labari ba. Ba wanda ya ce wa Don Bienvenido ya riƙe. Shi ya miƙo hannuwansa da suka saba da zakaru, ya tallafe ta yadda ya kamata. Sai aka tsaya cirko-cirko, don mai zuba ruwa ba ta nan. Don Leoncio ya zaro kwalbar daga jakar matarsa ya tsiyaya. Wata daga cikin mata ta ce a sa mata suna Fema. Don Bienvenido ya ce, "Kul! Ran da ta ɗauke min tsako sai na zage ta, ni kuwa bakina ya rufu a kan wannan suna. Ku rubuta Mai Taurin Kai, kowa ya san wa ta gado." Muka yi dariya, muka yi kuka, ni dai ban san wanne ya fi yawa ba. Sannan ya juya ya fuskanci gangaren da maƙabarta take ya ce, "To, komadre, kin ci." Yocasta ce ta ɗiga alama ta talatin da tara da hannunta.

Saura doka ta farko, kuma a kanta muka yi zaman awa huɗu a gindin bishiyar. Hukuma ba ta karɓar da'ira, lambobi take so, mu kuma mun san abin da lambobi suka taɓa jawowa. Wasu suka ce karya dokar Mamá Fema tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba cin amana ne, kuma ba mu ga laifinsu ba. Don Bienvenido ya ce, "Gonata ce, 'yata ce, ku rubuta. Wancan karon sun sare ne don ba su tarar da kowa a gindi ba." Aka ɗaga hannu, aka amince, mutum uku suka ƙi, muna kuma girmama su. Ya riga ya aika wa kamfanin cewa gonarsa ba ta sayarwa ba ce, ya kira 'ya'yansa ya faɗa musu, kuma bai ɓoye mana cewa babban ya kashe masa waya a kunne ba.

Don haka ƙungiya ke sanar da mai girma shugaban zaman, da jami'an hukumar da abin ya shafa, cewa ranar Litinin za mu miƙa lambobin a rubuce, kuma muna buƙatar a turo jami'i ya hau tudun da ƙafarsa kafin ranar ashirin, ya zo da takalmin kirki, don mota ba ta kai wa wurin. Ba mu ce mun yi nasara ba. Mun san da wa muke ja, mun san suna da lauyoyi da manyan abokai, mu kuwa gwaza muke nomawa, kuma mai yiwuwa ne su sami wata ƙofar. Amma daga yau ba mai sake ɗaga taswirar Doña Eufemia a gaban jama'a ya kafa hujja da ita a kanmu, kuma duk wanda zai sa hannu a fasa Loma Brava zai sa ne yana sane da abin da ke kan tudun. Iyalan nan masu riƙon sheƙa sun raba kwanaki a tsakaninsu, ba za a bar gindin palmar ba mutum ko na awa ɗaya ba har 'ya'yan su yi fiffike su tashi.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu ita ya kuma karɓi abarsa, ya jiƙan baiwarsa Eufemia, ya gafarta mata kurakuranta, har da zagin da ta sha yi wa wasunmu, wanda galibi mu muka ja, ya ba ta hutawa ta har abada cikin haskensa. Ya ba Don Leoncio ƙarfin zuciyar zama a gidan da ya yi shiru, ya ba Yocasta da 'yan'uwanta da jikoki jimirin wannan babban rashi, ya kuma tsare duk mai hawa har ya sauko. Za a rufe addu'ar kwana tara ranar Alhamis, sha biyar ga wata, a gidan marigayiya, tun daga ƙarfe tara na safe. Iyali sun ce kada a kawo furanni, mai son yin alheri ya kawo igiyar hawa ko maganin tsutsa.

Ku kuma masu injin sare itace, don kada ku wahala wajen neman lambobi: palma ta uku ce a bayan akurkin zakarun Don Bienvenido, wadda ta ɗan karkata gabas. Za ku same shi zaune a gindinta a kan kujerarsa mai lilo, da dattawa biyu ko uku a gefensa, kuma da wuya a ce babu wanda ya riƙe ɗayanku a cikinsu ranar da aka zuba muku ruwa. Ya ce a faɗa muku ku zo da rana tsaka, ku cire hula, ku dube su ido cikin ido, ku ce musu su tashi.

Sa hannu:

Nicanor Frías Severino
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya
Mai riƙon sheƙa ta ɗaya
El Yagrumal, Asabar, goma ga watan Mayu